Gashin Bakin Preben da Kuɗin Kwalba

Ranar Litinin da ƙarfe bakwai na yamma, washegarin tashi daga bikin gari, mutanen Askelund suka taru a zauren taro a kan maganar gwangwanaye. Kowace shekara haka ake yi. In biki ya watse, 'yan matan ƙungiyar ƙwallon hannu su kwashe gwangwanayen giya da na lemo da gorunan roba da aka bari a fili, su yi ta jigilarsu a kekuna zuwa injin da ke bakin kanti, mai mayar da ɗan kuɗin kwalba da ake ƙarawa a kan kowanne lokacin saye, kuɗin da aka samu kuma a biya bas ɗin da zai kai su gasa a Aarhus. Bana sai aka samu cikas. Yaran suna tsakiyar jarrabawa, mai bas kuma ya ce in bai ga kuɗinsa ran Asabar ba, zai ba wa wasu masu biki motar.

Gudrun, mai horar da yaran, ta gama bayani ta ce, "To, wa zai taimaka? Ko mutum goma muka samu, kowa ya ɗauki 'yan buhuna."

"Mutum goma?" in ji wata murya daga baya. "A kan gwangwani?"

Preben Skovgaard ne. Ya miƙe a hankali, yadda kowa zai samu damar ganin gashin bakinsa. Shekara talatin yana kiwon gashin nan. Kullum da safe sai ya shafe shi da kakin zuma, ya murza bakinsa biyu su miƙe sama kamar ƙahonnin bijimi, in zai kwanta kuma har ɗan raga yake ɗaura masa. Kafin ya yi ritaya a kamfanin manyan motoci ya yi aiki, inda ya ce shi ke tsara lodin da ke fita Turai duka. Maƙwabcinsa Ejnar kuwa ya ce ƙofa yake buɗe wa motocin.

"Abin da ke damun garin nan rashin tsari," in ji Preben. "Yara a keke, buhu ɗaya yau, buhu ɗaya gobe. Ku bar min aikin ni kaɗai. Tafiya ɗaya, tirela ɗaya, ran Asabar ƙarfe goma, kuɗin bas har da canji."

"In kuma bai yiwu ba fa, shugaban masu buɗe ƙofa?" in ji Ejnar.

Preben ya kai yatsa ya taɓa ƙahon hagu. "In kuɗin bas bai cika ba, a aske wannan a bakin kanti, a gaban kowa."

Zauren ya ɗauki sowa. Gudrun ce kaɗai ba ta yi dariya ba. "Ni fa ba gashi nake nema ba, Preben, bas nake nema. Ka dai san yadda injin yake, ko?"

"Gudrun, ni da na yi lodin injinan da suka fi ɗakin nan girma?"

Gaskiyar maganar, Preben bai taɓa tsayawa gaban injin ba. Tun aurensu matarsa Birthe ke kai kwalaben gidan. Ita kuwa tana Esbjerg wurin ƙanwarta, sai Alhamis za ta dawo.

Ran Talata ya ari tirelar Ejnar ya fara kwaso buhunan daga fili. Kafin tsakar rana lambun bayan gidansa ya cika, har ba a ganin teburin cin abinci. Ya tsaya yana kallon tsibin, yana kallon 'yar tirelar, ya ga ko rubu'i ba za ta ɗauka a tafiya ɗaya ba. Sai ya ɗauki gwangwani ɗaya, ya leƙa cikinsa, ya ƙyalƙyale da dariya.

Ejnar na jingine da shinge, kofin kofi a hannu. "Me ka gani a ciki?"

"Iska! Shekara da shekaru yaran nan iska suke ta ɗauka a keke, ba wanda ya lura. A cire iskar, kaya su koma ɗan mitsitsi. Abin da ake ce wa tsari ke nan."

Ejnar ya buɗe baki zai yi magana. Idonsa ya sauka a kan ƙahonnin nan biyu, suna sheƙi a rana. Ya rufe bakinsa, ya kurɓi kofi.

"Kai dai ka iya tunani," in ji shi.

Preben ya je ya jawo ƙatuwar rolar ƙarfe da ake murje filin ƙwallo da ita. Ya shimfiɗa gwangwanayen a kan hanyar shiga gareji, ya yi ta bi ta kansu, gaba da baya, yana waƙa. Ƙarar ta fito da tsohuwa Tove daga gidanta na tsallaken titi, ta tsaya riƙe da ƙugu. Ganin ya samu 'yar kallo, Preben ya saki hannu ɗaya don ya ɗaga mata. Hanyar garejin kuwa gangare ce. Rolar ta ƙwace, ta bi ta kan furannin Birthe, ta tsallaka titi cikin natsuwa, ta kwantar da akwatin wasiƙun Tove ya yi shafal da ƙasa.

"Akwatina!" in ji Tove.

"Ya fi sauƙin ɗauka yanzu," in ji Ejnar daga shinge. "An cire masa iska."

Kafin yamma gwangwanayen bikin gari duka sun zama faifai-faifai, sun shige buhu kaɗan. Preben ya kwana yana jin daɗin kansa.

Ran Laraba ya juya kan gorunan roba. Kwana uku a rana da guntun lemo a cikinsu, rina sun mai da tsibin gidansu. Buhun farko da ya buɗe, ɗaya ta harbe shi a kan hanci, hancin ya kumbura ya yi ja kamar tumatir. Nan take ya yanke shawara: ba zai kai ƙazanta bakin kanti a gaban jama'a ba. Ya kwashi gorunan zuwa banɗakin sama, ya cika bahon wanka da ruwa mai zafin gaske, ya zuba sabulun wanke-wanke, ya yi ta jiƙa su kashi-kashi.

Gorunan suka yi tas. Sai dai zafin ya sa wasu sun lanƙwashe, wasu sun tsuke kamar busasshen kifi. Takardun jikinsu kuwa duk suka saɓule suna yawo a saman ruwa. Preben ya ce ai haka ya fi kyau, ko ba komai an huta da tallan banza. Da ya cire toshiyar bahon, takardun suka taru suka toshe magudana, shi kuma ya bar famfo a buɗe ya fita shanya. Ruwa ya cika baho, ya sauko ta matakala, ya fito ta ƙofar gaba ya same shi a lambu.

Ran Alhamis Birthe ta sauko daga jirgin ƙasa da 'yar jakarta. Ta tsaya a ƙofar gida. Ta kalli inda furanninta suke a da. Ta kalli igiyar shanya, tsirarun goruna reras an maƙale su da abin shanya. Ta kalli dardumar matakala a rataye a kan shinge tana ɗiga. A ƙarshe ta kalli hancin mijinta.

"Kwana uku kawai na yi, Preben."

"Ki bari in nuna miki tsarin."

Ya kawo mata faifan gwangwani ɗaya da tsirarar gora ɗaya, yana jiran yabo. Birthe ta juya su a hannu.

"Ina tambarin?"

"Wane tambari?"

"Ɗan tambarin kuɗin kwalba, da layukan nan baƙaƙe da injin ke karantawa. Su yake dubawa, tsoho. Ba ya karɓar gora ba takarda, ba ya karɓar gwangwani a murƙushe. Jikarmu mai shekara biyar ta san wannan."

Ƙahon Preben na dama ya ɗan motsa.

"Na sani mana," in ji shi. "Mataki na farko ke nan. Akwai na biyu."

Mataki na biyu shi ne famfon keke da gam. Ya tsamo takardun daga magudana, ya shanya su a kan murhu, ya zauna a gareji yana manna su a jikin goruna, ba ruwansa da wacce ta fito daga ina. Gorar ruwa ta samu takardar lemon zaƙi, wata ta samu biyu, wata tata a kife. Gwangwanayen kuma ya ce iskar da ya cire zai mayar musu. Ya cusa bakin famfo a na farko, ya naɗe da tef, ya danna da ƙarfinsa duka. Gwangwanin ya tashi kamar harsashi, ya tsallake shinge, ya faɗa cikin kwanon miyar Ejnar.

"Wannan na karɓa," in ji Ejnar yana goge fuska. "Nawa zan ba ka?"

Da ya yi awa biyu bai tayar da ko guda ba, Preben ya ajiye famfon. Bai ce wa Birthe komai ba. Ran Juma'a da sassafe ya ja tirela zuwa gonar ɗan kawunsa Asger, wanda kowa ya san ba ya zubar da komai. A bayan rumbunsa akwai gwangwanayen giya na shekaru, lafiyayyu, ba wanda ya lotsa, an tara su a buhunan abincin shanu.

"Nawa za ka sayar min?" in ji Preben, yana yi kamar ba ya so.

"Sayarwa? Kwashe, har da buhunan. In ka share wurin ma in ba ka ƙwai." Asger ya sosa ƙeya. "Amma ka san daga ina nake sayo giyata, ko? Duk na ƙetaren iyaka ne, daga kantunan Jamus, masu arha ɗin nan."

"To sai me? Fasfo zan tambaye su?"

"A'a, ina nufin..."

"Asger, kai ka san shanu, ni na san kaya. Kama min buhun nan."

Ya dawo gida yana fito, ya rufe tirelar da tamfol, ya ɗaure tam. Birthe ta tambaye shi me ke ciki, ya ce mataki na uku.

Ran Asabar tun kafin ƙarfe goma bakin kanti ya cika. Mai sayar da tsiran nama ya kafa kekensa. 'Yan matan ƙwallo sun zo cikin jajayen rigunansu, Gudrun a gabansu. Mai bas ya jingina da motarsa yana duba agogo. Tove ta zo da kujerarta ta naɗewa ta zauna a sahun gaba.

Preben ya iso sanye da kwat ɗin zuwa coci. Hancin ya ɗan sace, ƙahonnin kuwa sun sha kaki fiye da kullum. Ya yaye tamfol kamar mai buɗe sabon gini.

"Tafiya ɗaya," in ji shi. "Tirela ɗaya. Ku lura da kyau, yara, ba a koyar da wannan a makaranta."

Ya fara da kayan Asger, don su ya fi amincewa da su. Ya zaro gwangwani, ya ɗaga wa jama'a, ya tura shi ramin injin. Injin ya juya shi, ya ɗan yi tunani, ya turo shi waje. Preben ya goge shi a hannun riga ya sake turawa. Ya dawo. Ya gwada wani. Ya dawo. Ya gwada na uku da ƙarfi, ya dawo da ƙarfi.

"Bai gama ɗumi ba ne," in ji Preben.

Gudrun ta ɗauki ɗaya daga ƙasa ta juya shi. Fuskarta ta canza. "Preben, wannan na ƙetaren iyaka ne. Ba a biya kuɗin kwalba a kansa ba, me za a mayar maka? Duk tirelar irinsu ne?"

"Ashe injin fasfo yake tambaya," in ji Asger daga wurin mai tsire.

"Ina na bikin?" in ji Gudrun. "Ina gwangwanayenmu?"

Preben ya jawo wani buhu daga ƙasan tirela, ya zazzage. Faifan suka zubo suna ƙara kamar kwabbai, wasu suka gangara ƙarƙashin bas. Wata daga cikin 'yan matan ta ɗauki ɗaya ta leƙa ta gefensa, ta miƙa wa ta kusa da ita.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji Preben. "Akwai goruna."

Ya zaɓo wadda ta fi miƙewa, mai takardu biyu, gam bai gama bushewa a jikinta ba. Ta shiga. Ba ta dawo ba. Preben ya juyo ya buɗe hannuwa yana jiran tafi. Sai injin ya yi wani gurnani, ya yi tari, jar fitila ta kama, ya tsaya cak. Gorar ta manne a ciki.

"Ƙaramin abu ne," in ji shi. Ya naɗe hannun kwat, ya zura hannu, bai kai ba. Ya sunkuya ya cusa fuska a bakin ramin yana leƙe. Da ya ɗago, ga takardar lemon zaƙi manne a ƙahonsa na hagu, tambarin kuɗin kwalba a waje ɓaro-ɓaro.

"Alhamdu, an samu mai tambari!" in ji Ejnar. "Ku kama ƙafafunsa mu tura shi ciki."

Dariya ta ɓarke har mai tsire ya ƙona hannu. Mai kanti ta fito da mabuɗi ta buɗe injin, ta ɓamɓaro gorar, ta miƙa wa Preben da yatsu biyu. Da fitila ta koma kore, Birthe ta matso da 'yar jakarta, ta zuba gorunan ruwan da ta sha a hanyar Esbjerg. Injin ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya ba gardama, ya fito da ɗan rasit. Kuɗin da ke jiki bai kai na tsire ɗaya ba.

Daga nan dariyar ta fara mutuwa, don mutane sun ga fuskokin 'yan matan. Mai bas ya zaro mabuɗinsa.

"Ni zan wuce, Gudrun. Masu bikin nan suna jirana da amsa."

"Alkawari dai alkawari ne," in ji Ejnar. Ya sa hannu a aljihu ya fito da almakashi. "Tun ran Litinin nake yawo da shi."

"Kai a wa?" in ji Tove, ta miƙe daga kujerarta. "Akwatin wa aka murƙushe? Ni zan yanke."

"Miyar wa aka ɓata?"

"Ni fa injina ya toshe," in ji mai kanti.

"Ni tun muna yara yake min surutu," in ji Asger. "Zan ba da kurona hamsin a bar min."

"Ɗari," in ji Tove.

Gudrun ta kalli Tove, ta kalli mai bas. Ta ce masa, "Ba ni minti goma." Ta haye kan tirela, ta tsaya a kan buhunan Asger, ta tafa hannu.

"Gwanjo! Gashin bakin nan gefe-gefe za mu sayar. Ɓangaren hagu, har da takardar lemo kyauta. An taya ɗari. Wa zai ƙara?"

Aka zaunar da Preben a kujerar Tove, aka ɗaura masa tamfol a wuya. Da farko ya sunkuyar da kai. Amma da ya ji an tsaya a ɗari uku, sai ya ɗago a fusace.

"Ɗari uku? Wannan ai raini ne! Kun san kakin da ya ci? Shekara talatin! Daga nan har Copenhagen ba irinsa. Ejnar, kai da ko gemun kirki ba ka iya tarawa, a nan za ka tsaya?"

"Ɗari biyar, don bakin nan naka," in ji Ejnar.

Mai gidan burodi ya ƙara. Tsoffin abokan aikin Preben su uku suka haɗa kuɗi suka ƙara. Tove ta aika a ɗauko mata jaka daga gida. Duk lokacin da ciniki ya lafa, Preben sai ya juya kai a hankali yadda ƙahon zai kama rana, ya zagi wani, kuɗi su sake tashi. A ƙarshe Ejnar da Tove suka haɗa kai suka kayar da kowa, da sharaɗin ita za ta riƙe, shi ya yanke. Gudrun ta kalli mai bas, ya gyaɗa kai, ya mayar da mabuɗi aljihu.

Ƙyas! Ƙahon hagu ya faɗo a tafin hannun Tove. Mai aski ya fito daga cikin jama'a ya share sauran wannan gefen har fata. 'Yan matan suka yi ta tsalle suna ihu.

"Kun gani?" in ji Preben daga cikin tamfol. "Tafiya ɗaya, kuɗin bas har da canji. Mataki na huɗu ke nan. To, a yanke ɗayan mu tashi."

"Ɓangaren dama," in ji Gudrun. "Wa zai taya?"

Birthe ta ɗaga ɗan rasit ɗinta. "Na taya da wannan."

Ta juya ta bi jama'a da kallo, ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ƙara ko kurona. Gudrun ta buga tafi, ta karɓi rasit. Ejnar ya miƙa wa Birthe almakashi, ta jefa shi a jaka ta ja zif.

"Birthe," in ji Preben, yana shafa gefen da ya zama fili. "Yanke mana."

"Ba na sauri."

"To ni zan aske a gida."

"Ka taɓa min kayana? A gaban shaidu na saya, tsoho. Sai ranar da furannina suka sake fitowa. Kuma ka ci gaba da sa masa kaki, ba na son kayana su lalace."

Ranar Asabar ta gaba da ƙarfe takwas na safe bas ya tashi zuwa Aarhus da 'yan matan duka. A hoton da aka ɗauka kafin su shiga, Preben na tsaye a gefen dama kusa da direba, da ƙaho ɗaya a miƙe.